Jirin Teku a Kan Tudu

Ƙarfe biyar. Tsuntsayen teku sun fara gardama
a kan rufin masana'anta, nan Matosinhos.
Ko kai ban ɗaga daga filo ba,
kumallo ya riga ni farkawa.

Shekara tara ina fille kan sardin,
ina kwantar da su uku-uku a gwangwani,
ban taɓa sanin kifi na da ƙarni ba
sai da ka sauka, baƙo mai girman ƙwayar wake,
ka karɓe hancina, ka ba ni na kare.
Yanzu tun daga lungu na uku nake jin ubanka na tahowa.

Bawan Allah, Amilkar!
A famfon tsakar gida yake wanka cikin sanyin Fabrairu,
sabulu sau biyu, haƙora na haɗuwa,
ya rataye rigar aikinsa can bayan katanga
kamar wadda ta yi laifi,
sannan ya leƙo: "Idalina, na cancanci shigowa?"

Shi ne ya ce, "Wannan ai na san shi.
Haka sabbin yara ke yi ranar farko a jirgi.
Ciki wayam shi ne abokin gaba.
Taɓa wani abu kafin ki motsa, kada ki cika tumbi,
ki sa ido can inda sama ta jingina da ruwa."
Na ce, "Yaran naka kwana biyu suke yi su saba.
Ni sati shida ke nan a kan tudu ina juwa."

Duk da haka na gwada.
Busasshen burodi a faranti kusa da gado,
in gutsura a kwance, ido rufe,
in ƙirga ɗari kafin ƙafa ta taɓa ƙasa.
Ruwa kuma sai kurɓi-kurɓi,
kamar kaza a bakin kasko,
tsakanin wannan loma da waccan.
Wata rana ya zauna. Wata rana ya yi ta dawowa.

A wurin aiki, Dona Perpetuwa mai 'ya'ya bakwai
ba ta tambaye ni komai ba.
Ta dubi yadda nake fama da yawu,
ta ɓare lemon tsami da farce,
ta cusa ɓawon a wuyan rigata.
"In ya taso, sunkuya ki shaƙa."
Ta bar mini wurinta na bakin taga,
ta ce wa mai duba mu iska ke tayar mata da ciwon gwiwa.

Ni da kofi, aminan shekara da shekaru, mun ɓata.
Suyar albasa, kada ma a ambata.
Citta a ruwan zafi ce ƙawata,
sai dafaffen dankali da ya huce, da ɗan gishiri,
sai koren tuffa mai tsamin da ke sa ido rufewa.

Nas Graciete ta ɗora ni a sikeli, ta rubuta, ta ce,
"Yawanci yakan sassauta bayan wata uku.
Amma ranar da ko ruwa ya ƙi zama
tun safe har dare, fitsari ya yi duhu,
ban da jarumta. Ki zo, akwai magani.
Haƙuri ba ya hana jiki bushewa."

Jiya da yamma na zauna a katangar bakin teku,
jirage na fita ɗaya bayan ɗaya,
na sa ido inda ya ce.
Ashe ni ce jirgin.
Kai ne sabon yaron da ke ciki,
kana kwance abinka, ni ke yi maka aman.
To, na yafe. Riƙe igiyarka da kyau,
da sauran tafiya kafin isowa.

Yau da asuba na miƙa hannu ga burodin,
na dakata. Shiru.
Maƙoshina lafau, kamar tekun da iska ta manta.
Na zunguri Amilkar: "Akwai sauran gasasshen sardin na jiya?"
Ya dube ni, ya dubi bokitin da ke gefen gado,
ya sauka ba takalmi.
Ban san abin da gobe za ta zo da shi ba.
Yau dai, baƙo, mai masaukinka na jin yunwa.